Hawayen Alƙahira: Tsofaffin Finafinan Masar da Labarin Wanda Ake Ɗora wa Laifi

Wadda tukunyarta ke kan murhu ta rage mata wuta, ta jawo tabarma ta zauna, don tafiyar tamu ta yau da ɗan nisa. Masar za mu, kuma ba Masar ta yanzu ba, ta wajen shekara ɗari da suka wuce.

Na san idan aka ce Masar, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne Azhar da malamanta, da mahaddatan nan masu zaƙin murya, sai kuma labarin Fir'auna. Duk haka ne. Amma akwai wata sana'a da Masarawa suka riga sauran Larabawa shiga, suka kuma yi musu fintinkau a cikinta, wato shirya fim. Mai tauraron ɗan'adam a gida wataƙila ta taɓa cin karo da tsofaffin finafinansu marasa launi: ga mace cikin baƙin mayafi tana rusa kuka a gaban alƙali, ga wani mai jar dara da murɗaɗɗen gashin baki yana daka wa talaka tsawa. Ƙila ma kin yi maza kin canza tasha don ba kya jin irin Larabcinsu. To yau labarinsu zan ba ki. Finafinai ne na ban tausayi, waɗanda ake shiryawa takanas don a sa mai kallo hawaye: marainiya, da matar da aka yi wa ƙazafi, da uban da ya tafi kurkuku ya dawo ɗansa bai san shi ba. Masu ilimi da yawa sun sha raina su, wai kukan mata ne kawai. Ni kuwa ina ganin a ƙarƙashin kukan nan akwai wata tambaya da suke ta jujjuyawa: idan aka yi ɓarna a gari, wa ake kamawa, wa kuma ke sulalewa?

Majigi ya iso Masar da wuri. Tun a 1896 aka haska hoto mai motsi a Iskandariya, birnin nan na bakin teku, ba a ma cika shekara guda da fara nuna shi a Faransa ba. Sai dai an yi wajen shekara talatin galibin abin da ake kallo na Turawa ne. Dogon fim da aka fi ɗauka a matsayin na farko na 'yan ƙasa shi ne Laila, wanda aka fara nunawa a Alƙahira ranar 16 ga Nuwamba, 1927. Kin san wa ya shirya shi? Mace ce, wata 'yar wasan daɓe mai suna Aziza Amir. Ita ta kafa kamfanin, ita ta nemo kuɗin, ita ta fito a matsayin Laila. Da suka saɓa da Baturken da ta ɗauko ya ba da umarni, sai aka ƙarasa aikin ba shi. Fim ne marar magana, sai dai ki ga baki na motsi, a rubuto abin da aka faɗa a allo.

Laila yarinyar ƙauye ce, saurayinta Ahmad kuma ɗan rakiyar baƙi masu yawon buɗe ido. Ya yi mata alkawarin aure, ya yaudare ta, ciki ya shiga, sannan ya bi wata Baturiya ya bar ta. Da abu ya bayyana, mutanen gari ba su nemi Ahmad ba. Laila aka kora. Fim ɗin kansa ya ɓace, ba wanda zai iya kallonsa a yau, amma labarinsa Masarawa sun yi ta maimaita shi da sunaye daban-daban fiye da shekara talatin.

A zamanin ba ƙaramin abin kunya ba ne a ga 'yar mutunci a allon silima. Bahija Hafiz 'yar babban gida ce a Iskandariya, ta karanci ilimin kiɗa a Faransa. Da ta amince ta fito a fim ɗin Zainab na 1930, wanda Muhammad Karim ya ba da umarni, danginta suka ɗauki abin a matsayin zubar musu da mutunci, suka juya mata baya. An ɗauko labarin ne daga littafin Muhammad Husaini Haikal. Zainab 'yar ƙwadago ce a gonar auduga, tana son Ibrahim, iyaye suka ba da ita ga Hasan, aka ɗauki Ibrahim soja aka tura shi Sudan, ita kuwa ta yi ta ramewa a ɗakin miji har tarin fuka ya kashe ta. Abin lura, ba a mai da Hasan mugu ba. Miji ne mai kirki, sai dai ba a tambayi yarinyar ba. Bahija ba ta tsaya nan ba, ta kafa nata kamfanin, a 1932 ta fitar da Al-Dahaya, wato waɗanda abin ya rutsa da su, a kan masu fasa-ƙwaurin miyagun ƙwayoyi. Ba kuma daga sama ta tsinko batun ba. A shekarun 1920 hodar ibilis da danginta sun yi wa Masar mummunan kamu, har sai da gwamnati ta kafa hukuma ta musamman a 1929 don yaƙi da fataucinsu.

Fim na farko mai magana kuwa, wata shari'ar kisan kai ce ta haife shi. A watan Yuli na 1923, a wani ƙasaitaccen otal na Landan mai suna Savoy, wata Bafaranshiya, Margarit, ta harbe mijinta Ali Fahmi, wani matashin attajiri Bamasare. Ba ta musa cewa ita ta harbe shi ba. Amma lauyanta, Edward Marshall Hall, ya yi wayo ya juya shari'ar. Maimakon a tuhumi wadda ta yi kisa, sai aka koma tuhumar mamaci da ƙasarsa, ana cewa ai mutanen Gabas haka suke, mugaye ne ga matansu, baiwar Allah kanta ta ƙwata. A watan Satumba aka sallame ta, ko kwana ɗaya ba a yanke mata ba. Masarawa suka ji ciwon abin ƙwarai, jaridunsu suka yi ta kumfar baki.

Yusuf Wahbi, wanda shi ma ɗan Basha ne da ya bijire wa mahaifinsa ya shiga wasan kwaikwayo, ya mai da martani da wasan Aulad al-Zawat, 'Ya'yan Manya, aka mai da shi fim a 1932. Ɗan masu kuɗi ya yi watsi da matarsa ta gida da ɗansa, ya bi wata Bafaranshiya ƙasarsu, ta ci amanarsa, ya yi kisan kai, ya sha ɗauri. Da ya fito ya dawo gida ya tarar duniya ta wuce shi, sai ya faɗa gaban jirgin ƙasa. Matar da aka bari a gida, wata yarinya ce ta fito a matsayinta, Amina Rizƙ. Ki riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da ita. Ni dai abin da na lura, ramuwar ba ta yi nisa ba. A Landan an ce laifin namijin Gabas ne, a Alƙahira aka ce laifin macen Turai ne. Shi gogan da ya tsallake iyalinsa da ƙafarsa, tausayinsa aka sa masu kallo suka ji.

A 1935 Tal'at Harb, mutumin da ya kafa Bankin Misr, ya gina babbar ma'aikatar shirya finafinai, Studiyo Misr, a kusa da dalar Giza. Aka tura matasa Turai suka koyo aiki, aka fara da fim ɗin Widad na Ummu Kulsum a 1936. Ba a jima ba aka gane inda iyakar take. A 1938 ma'aikatar ta shirya Lashin, labarin wani sarki na zamanin da, wanda yunwa ta sa talakawansa suka yi masa bore. Masu mulki suka ga kamar da matashin Sarki Faruƙ ake, nan take aka hana nuna shi. Sai da aka sake ɗaukar ƙarshen labarin, aka mai da laifin duka kan waziri, sarki ya fita fes, kana aka bari ya fito. Kin ji inda maganar nan tamu ta ba a mugun sarki sai mugun bafade ta zama umarnin hukuma.

Yanzu bari in ɗan daɗe a kan wanda na fi so a cikinsu, Al-Azima na 1939, wato himma ko ƙudurin zuciya. Kamal Salim ne ya rubuta ya kuma ba da umarni, yana saurayi bai kai talatin ba. Shi sunan da ya so ya sa masa shi ne Al-Hara, wato lungu, aka ƙi, don ana ganin ba wanda zai biya kuɗi ya kalli lungu. Kafin shi galibin finafinai a gidajen bene ake yin su, da motoci da gidajen rawa. Shi kuwa ya gina unguwar talakawa sukutum, da mai aski, da mahauci, da mai gidan burodi, da mai yi wa gawa sutura, da mata na leƙe ta taga.

Muhammad, wanda Husaini Sidƙi ya fito a matsayinsa, ɗan mai aski ne. Uban ya ci bashi har wuya don ɗan ya yi karatu ya zama afandi, wato ma'aikacin ofis mai kwat da jar dara. Ya gama karatu, aiki ya ce ɗauke ni inda kika ajiye. Ya haɗa jari da abokinsa ɗan Basha, abokin ya cinye kuɗin a shashanci. Da ƙyar aka samo masa aiki a wani kamfani, ya auri Faɗima 'yar maƙwabtansu, wadda shahararriyar 'yar wasa Faɗima Rushdi ta fito a matsayinta. Ana cikin amarci sai wani fayil ya ɓata a ofis, aka ɗora masa, aka kore shi. To a nan ne labarin ya taɓa ni. Muhammad bai iya buɗe baki ya gaya wa matarsa ba. Kullum ya fita da safe kamar mai zuwa ofis, alhali wani kanti yake zuwa yana naɗe wa masu sayayya kaya a takarda. Mahaucin unguwa, wanda dama ya daɗe yana son Faɗima, shi ya tona asirin. Ta je ta gani da idonta, ta ce sai ya sake ta.

Fim ɗin ya so mu ga Faɗima a matsayin mai son abin duniya, wadda afandi ta aura ba mutum ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don ta yi ta taƙama da mijinta a gaban ƙawaye. Amma uwargida ki auna da kanki. Wace ce cikinmu ba ta san gidan da maigida ya rasa aiki ko kasuwa ta karye masa, kowa a waje ya sani, matar gida ce ta ƙarshen ji ba? Talaucin ne ya fi ciwo, ko kuwa a ce a bakin maƙiyi kika ji? Kuma me ya sa naɗe kaya a kanti, sana'a ta halal, ya zama abin ɓoyo ga wanda ubansa ma aski yake yi? Ƙarshe dai an ga fayil, an wanke Muhammad, aure ya dawo, mahauci ya sha kashi. Kamal Salim bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1945. A 1996, da masana suka zaɓi finafinan Masar ɗari mafiya inganci, Al-Azima ne ya zo na ɗaya.

Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Ingila da ƙawayenta suka cika Masar, kaya suka yi tsada, wasu 'yan kasuwa suka kuɗance dare ɗaya ta hanyar ɓoye abinci. A 1945 Kamil al-Tilmisani ya yi fim a kansu, Al-Suƙ al-Sauda, Kasuwar Bayan Fage. Bai yi kasuwa ba. Mutanen da suka wuni a layin sukari da kananzir ba su so su biya kuɗi da daddare a sake nuna musu layin. A 1947 kuma hukuma ta fito da sababbin ƙa'idojin tace finafinai. Ban da batun tsiraici da taɓa addini, an hana nuna yajin aiki da zanga-zanga, an hana nuna ƙazaman lunguna, da amalanken jaki, da 'yan talla, da ɗakunan talakawan ƙauye. Wato ba talaucin aka hana ba, ganinsa aka hana. Shi ya sa finafinan shekarun suka cika da marayu da makafi da muguwar matar uba, irin Al-Yatimatan na Hasan al-Imam a 1948. Idan ba a yarda ka ce tsarin ƙasa ne ya cuci yarinya ba, sai ka ce ƙaddara ce da mugun mutum ɗaya.

A watan Yuli na 1952 sojoji suka kifar da Faruƙ. Aka soke sarautun Basha da Bek, aka ƙayyade gonar da mutum ɗaya zai mallaka. Bakin masu fim ya buɗe. A nan ne Salah Abu Saif, ɗan unguwar talakawa ta Bulaƙ wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Kamal Salim a Al-Azima, ya haɗa kai da marubuci Najib Mahfuz, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1988. A 1953 suka fito da Rayya da Sakina. Wannan kam ba ƙagaggen labari ba ne, don haka bari in fara ba ki na gaskiyar.

Rayya da Sakina ya da ƙanwa ne, 'yan kudancin Masar. Talauci ya koro su, suka yi ta ci-rani gari-gari har suka yada zango a Iskandariya, a unguwar Labban. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya suna riƙe da gidajen da ake tara mata masu zaman kansu a ɓoye, ga sansanin sojan Ingila a kusa, kasuwa na ci. Da yaƙi ya ƙare kasuwar ta mutu. Daga ƙarshen 1919 zuwa ƙarshen 1920, su biyu da mazajensu, Hasaballah da Abdul'al, da wasu maza biyu, Urabi da Abdurrazaƙ, suka kashe mata 17. Ba don komai ba sai don zinariya. Macen talaka a can, kamar dai a nan, ba ta da banki sai hannunta da kunnenta. Abin da ta tara duk tana saye da shi, awarwaro ne, 'yan kunne ne, mundaye ne. Sai a gayyato ta ɗaki da sunan zumunci, a ba ta abin sha har ta bugu, mazan su danne ta, a toshe mata hanci da baki da jiƙaƙƙen tsumma. A tuɓe gwala-gwalan a kai wa wani maƙerin zinariya, gawar kuwa a haƙa tsakar ɗakin a binne, a mai da daɓe, a shimfiɗa tabarma, a turara turare.

Iyaye sun yi ta kai ƙara cewa 'ya'yansu sun ɓata. Wasu har sun faɗa cewa da Sakina aka ga 'yarsu ganin ƙarshe. A kira ta, ta yi musu daɗin baki, a sallame ta. Ɗaya daga cikin gidajen ma dab yake da ofishin 'yan sandan Labban. Matan da ke ɓata talakawa ne, ba mai tsaya musu, ƙasar kuma hankalinta na kan boren neman 'yanci da ya tashi a 1919. Asiri bai tonu ba sai a watan Nuwamba na 1920, shi ma bisa tsautsayi, da wani mutum yana haƙa don gyaran ruwa a gidan da Sakina ta taɓa haya ya ci karo da ƙasusuwan mutum. Cikin waɗanda suka ba da shaida har da ƙaramar 'yar Rayya, wadda aka yi abubuwa da yawa a gaban idonta. A watan Mayu na 1921 aka yanke wa su shida hukuncin kisa, aka rataye su ranakun 21 da 22 ga Disamba. Su ne mata na farko da kotun zamani ta Masar ta zartar wa irin wannan hukunci.

To ga inda nake so ki kasa kunne da kyau. Jaridun lokacin ba su tsaya kan makasan ba, sai suka juya kan matan da aka kashe. Aka yi ta rubuta cewa ga sakamakon mace ta bar ɗakinta, ta ci ado ta shiga kasuwa, da sun zauna a gida da ba a kashe su ba. Wato dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma da marubuci Salah Isa ya koma ya bi takardun shari'ar ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da littafi a kan mazajen da ke bayan Rayya da Sakina, sai ga hoton ya sauya. Yawancin matan ba baƙi ba ne da aka tsinta a hanya. Sanannu ne, ƙawaye ne da maƙwabta da waɗanda suka taɓa aiki tare, masu shiga ɗakin ba tare da fargaba ba. Fitar da suka yi kuwa, mafi yawansu neman abin da za su ci ne ya fitar da su. Sannan ki duba wani abu. Maza huɗu ne ke danne matan, amma har yau a Masar da sunan Rayya da Sakina ake tsorata yara. Sunayen mazan sai wanda ya bi tarihi.

Shi fim ɗin fa? Ta fuskar iya aiki, ba a magana. Najma Ibrahim ta fito a Rayya da wasu idanu da suka hana mutane barci, Zuzu Hamdi al-Hakim ta fito a Sakina. Ana kashe mace a ƙurya, a tsakar gida ana kiɗa da rawa don kada a ji ihunta. Sai dai an ƙago wani jarumin ɗan sanda, Anwar Wajdi, wanda ya ɓad da kama ya shiga cikin 'yan daba har ya kama su. A zahiri ba a yi wannan jarumi ba. 'Yan sandan da suka yi shekara guda ana binne mata a bayan ofishinsu, su fim ya mai da gwaraza. Yunwar da ta koro 'yan'uwan biyu daga kudu, da sansanin sojan da ya ciyar da sana'arsu, duk ba su sami wuri sosai ba.

Shekara guda bayan haka, a 1954, aka yi wanda ya fi fitowa fili ya nuna yatsa, Ja'aluni Mujriman, ma'ana su suka mai da ni mai laifi. Aɗif Salim ya ba da umarni, Farid Shauƙi ya fito a matsayin Sulɗan, matarsa ta gaske a lokacin, mawaƙiya Huda Sulɗan, ta fito a matsayin mai sonsa. Sulɗan maraya ne, baffansa ya cinye masa gado, ya tashi a gidan horon kangararrun yara. Ya fito da niyyar shiryuwa, amma duk inda ya je neman aiki sai a ce ya kawo takardar shaidar hali, takarda kuma ta nuna an taɓa kama shi. Ƙofa ta rufe nan, ta rufe can. Aka sake ƙulla masa sharri aka ɗaure shi, ya tsere, ya je ya kashe baffan, daidai lokacin da gaskiyarsa ta fito. Masarawa na danganta wata doka da aka yi bayan fitowarsa da wannan fim, dokar da ta ba da damar kada laifin farko ya bi mutum a takardarsa ya hana shi cin abinci. Duk uwar da ɗanta ya taɓa kwana a hannun hukuma, ta ga yadda unguwa ke kallonsa bayan ya fito, ba sai an fassara mata fim ɗin nan ba.

A shekarar dai Yusuf Shahin ya yi Sira' fil Wadi, fim na farko na Umar Sharif, inda wani Basha ya sa aka sako ruwa ya cinye raken talakawa don nasu ya fi nasa kyau, aka kuma rataye bawan Allah a kan kisan da bai yi ba. Ba a taɓa ganin irin haka a allo zamanin sarki ba. Amma kada mu ruɗu. Bashan da aka yarda a zaga, Bashan jiya ne da aka riga aka tuɓe. Masu mulkin ranar, su ma ba a taɓa su.

Wata za ta ce, to me ya sa mu nan ba mu san finafinan nan ba sai na Indiya? Ai an gwada. A shekarun 1950 Kwarori 'yan Labanan masu gidajen silima a Kano da sauran biranen Arewa sun shigo da na Larabawa da na Indiya duka, don su ga wanda zai karɓu. Na Indiya ne suka kama zukatan mutane, na Masar ba su yi tasiri ba. Mu mata kuwa dama silima ba wurin zuwanmu ba ne, sai da talabijin da bidiyo suka shigo ɗaki.

Bari in rufe da wanda ya koma kan labarin Laila bayan shekara 32. Du'a'ul Karawan na 1959, Henri Barakat ya ɗauko shi daga littafin Ɗaha Husaini, makahon malamin nan da ya riƙe ministan ilimi. Karawan wani tsuntsu ne mai kuka da dare. Uba ne ya yi lalata da matan mutane aka kashe shi, sai kawu ya kori uwar da 'ya'yanta mata biyu daga ƙauye, wai sun zama abin kunya. Suka shiga birni aikatau. Babbar, Hanadi, ta faɗa gidan wani injiniya gwauro, ya lalata ta. Kawun da ya kore su ya dawo ya ce zai mai da su gida, a hanya cikin dare ya soke Hanadi a gaban uwarta da ƙanwarta, ya tura ta ramin da ya riga ya haƙa.

Bambancin wannan da Laila shi ne ƙanwar, Amina, wadda Fatin Hamama ta fito a matsayinta. Ba ta zauna ta yi ta kuka ba. Ta gudu ta koma birni, inda dama ta koyi karatu a gidan da take aiki, ta bi hanya har ta shiga aikatau gidan injiniyan da niyyar ɗaukar fansa. Ta yi yunƙurin sa masa guba, ta kasa. Ta ƙi ba shi kanta, shi kuma ya kamu da sonta na gaske, ita ma zuciya ta ci amanarta. A littafin an bar su a kan maganar aure. A fim kuwa kawun ya biyo ta da bindiga, injiniyan ya tare harsashin da jikinsa ya mutu a hannunta. Masu fim sun ga ba za su iya aura wa Amina mutumin da ya jawo mutuwar yayarta ba, ba kuma za su iya barinsa ya tafi salin-alin kamar Ahmad na 1927 ba.

Uwar da ta tsaya tana kallo ɗan'uwanta ya kashe mata 'ya, ta kasa ko ɗaga murya, kin san wa ta fito a matsayinta? Amina Rizƙ ce, matar nan da aka bari a gida a fim ɗin 1932. Ta shafe fiye da shekara saba'in tana wasa, akasari a matsayin uwa mai kuka, har Masarawa suka ɗauke ta uwar kowa. Ita kanta ba ta taɓa aure ba. Ta rasu a 2003, Fatin Hamama kuma a watan Janairu na 2015.

Uwargida a leƙa tukunya.